Sake Neman Makarantar Likita: Shin Takardar Bara Za Ta Yi Aiki Bana?

Daga Wakilinmu

A kowace shekara, da zarar watan Mayu ya kama, dubban samari da 'yan mata a ƙasar Amurka sukan duƙufa wajen cika takardun neman shiga makarantun koyon aikin likita. A cikinsu akwai masu nema karo na farko, akwai kuma waɗanda suka nema bara ko bara waccan ba su dace ba, suka sake ɗaura ɗamara. Waɗannan na biyu, waɗanda yawansu yakan kai kimanin rubu'in masu nema gaba ɗaya, suna da wata matsala da sauran ba su da ita. Kowannensu yana da tsohon insha'in da ya rubuta game da kansa, wanda ya ɓata makonni yana gyarawa, kuma dole ya yanke shawara ko zai sake aika shi yadda yake, ko zai yi masa kwaskwarima, ko kuwa zai ajiye shi ya fara sabo.

Mai karatu zai iya ganin abin kamar ƙarami ne. Amma ga wanda ya riga ya yi asarar shekara guda da kuɗi masu yawa, wannan shawara tana iya zama sanadin samun gurbi ko kuma sake zaman jira na wata shekarar. A shekarar 2021, alal misali, mutum 62,443 ne suka nemi shiga makarantun da ke ba da babban digirin likita a Amurka, amma 22,666 kaɗai suka fara karatu. Watau kusan mutum 40,000 suka koma gida hannu rabbana, kuma da yawa daga cikinsu ɗalibai ne masu ƙwazo waɗanda suka gama jami'a da sakamako mai kyau.

Yadda Tsarin Yake

A Amurka ba a shiga makarantar likita daga sakandare kai tsaye kamar yadda ake yi a nan Nijeriya. Sai ɗalibi ya yi digiri na farko na shekara huɗu, ya haɗa da darussan kimiyya irin su ilmin halittu da na sinadarai, sa'an nan ya nemi shiga makarantar likita inda zai ƙara wasu shekara huɗun. Wannan tsari ya samo asali ne tun daga Jami'ar Johns Hopkins, wadda ta buɗe makarantarta ta likita a 1893 da sharaɗin cewa sai mai digiri za ta ɗauka. A 1910 wani masanin harkar ilmi mai suna Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likita 155 na Amurka da Kanada, inda ya nuna cewa da yawansu ba su da kayan aiki, kuma suna ɗaukar duk wanda ya iya biyan kuɗi. Bayan wannan rahoto an rufe makarantu da dama, waɗanda suka rage kuma suka tsaurara sharuɗɗan shiga.

Daga nan ne aka soma neman hanyar tace masu nema. A 1928 aka fara wata jarrabawa ta gwajin basira saboda yawan ɗaliban da ke kasa ƙarasa karatu, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama jarrabawar da ake kira MCAT. Tun daga 2015 makinta yana farawa ne daga 472 ya tsaya a 528, kuma ɗalibi yakan shafe fiye da awa bakwai a zauren jarrabawar. A 2023 matsakaicin makin dukan masu nema ya tsaya wajen 506, na waɗanda aka ɗauka kuwa ya kusa 512. Ba a yarda mutum ya zauna mata fiye da sau uku a shekara ɗaya ba, ko fiye da sau bakwai a tsawon rayuwarsa, kuma makarantu suna ganin dukan sakamakon da ya taɓa samu, mai kyau da marar kyau.

A 1969 Ƙungiyar Makarantun Likita ta Amurka ta kafa wani ofishi da ake kira AMCAS, domin ɗalibi ya cika takarda ɗaya a rarraba ta ga dukan makarantun da ya zaɓa. Makarantun gwamnatin Jihar Texas suna da nasu ofishin dabam, amma mafi yawan sauran ta wannan hanya ake neman su. A yau ta intanet ake cika komai.

Rubuce-rubucen Da Ake Bukata

Babban rubutun da ke cikin wannan takarda shi ne insha'in bayanin kai, inda ɗalibi zai faɗi dalilin da ya sa yake son zama likita. An ƙayyade masa harufa 5,300, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, watau kimanin shafi ɗaya da rabi. Da zarar ya aika, ba shi da damar gyara ko wasali ɗaya. Bayan wannan akwai wurin da zai lissafa ayyukan da ya yi, har guda 15, kamar aikin sa kai a asibiti, ko bincike a ɗakin gwaje-gwaje, ko bin wani likita yana kallon yadda yake duba marasa lafiya. Kowane aiki yana da harufa 700 na bayani, sa'an nan ya zaɓi uku da suka fi yi masa tasiri ya ƙara musu harufa 1,325 kowanne.

Har ila yau aiki bai ƙare ba. Idan takardar ta isa makarantu, yawancinsu sukan aiko wa ɗalibi da nasu tambayoyin na musamman, waɗansu biyu, waɗansu biyar ko fiye. Za a tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan makaranta, wace wahala ya taɓa sha a rayuwa, kuma me zai ƙara wa 'yan ajinsu. Da yake ɗalibi ɗaya yakan nemi makarantu fiye da goma sha biyar, ba abin mamaki ba ne ya rubuta gajerun insha'i hamsin a cikin wata biyu. Wanda ya taɓa shan wannan wahala sau ɗaya, in ya ga tsofaffin rubuce-rubucensa ajiye a kwamfuta, dole zuciyarsa ta raya masa ya kwafe su kawai ya huta.

Shin Laifi Ne?

Amsar a taƙaice ita ce babu wata doka da ta hana. Rubutun nasa ne, shi ya yi shi, kuma ba a kiran mutum ɓarawo don ya ɗauki kayansa. Abin da ofishin AMCAS yake buƙata shi ne ɗalibi ya tabbatar cewa abin da ya rubuta aikinsa ne kuma gaskiya ne. Saboda haka maganar ba ta halacci ba ce, ta dabara ce.

Masu ganin a bar tsohon insha'i suna da hujjarsu. Sukan ce dalilin da ya sa mutum yake son zama likita ba ya sauyawa cikin wata goma sha biyu. Idan rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta fara jawo hankalinsa ga wannan aiki, to, bana ma ita ce, kuma in ya zo da wani sabon labari dabam, mai karantawa zai iya zargin cewa ko na bara ko na bana akwai na ƙarya. Bugu da ƙari, makarantar da bai nema bara ba ba ta taɓa ganin rubutun ba, a wurinta sabo ne fil. A ganin waɗannan, da tsohuwar zuma ake magani.

To, amma mafi yawan masu ba ɗalibai shawara a jami'o'in Amurka suna gargaɗi a kan aika shi ba tare da canji ba, kuma dalilansu sun fi nauyi. Na farko, makarantar da ɗalibi ya nema a baya ta san cewa ya taɓa nemanta, kuma tana iya ɗauko tsohon fayil ɗinsa ta ajiye kusa da sabon. Idan kwamitin ɗaukar ɗalibai ya ga kalma da kalma iri ɗaya, abin da zai fahimta shi ne mutumin nan bai koyi komai ba a cikin shekarar da ta wuce, ko kuma bai damu ya nuna ba. Na biyu, makarantu da yawa suna da tambaya ta musamman ga wanda ya taɓa nema, suna so ya bayyana abin da ya canza tun daga wancan lokaci. Wanda ya ce ya ƙaru sosai, alhali babban insha'insa bai nuna alamar ƙaruwar ba, ya ƙaryata kansa da kansa. Na uku, wannan takarda an riga an gwada ta, ba ta kai shi ga biyan bukata ba. Wataƙila ba ita ce ta kayar da shi ba, amma ba shi da tabbacin haka.

A Fara Gano Inda Aka Faɗi

Kafin ɗalibi ya taɓa insha'insa, wajibi ne ya zauna ya bincika abin da ya hana shi samun gurbi, domin sau da yawa matsalar tana wani wuri dabam. Hanya mafi sauƙi ita ce ya duba matakin da tafiyarsa ta tsaya. Idan makarantu uku ko huɗu sun kira shi ganawa ta baki amma ba wadda ta ɗauke shi, alama ce cewa takardunsa sun gamsar, kuma abin da ya kamata ya fi mai da hankali a kai shi ne yadda yake amsa tambayoyi a gaban kwamiti. Idan kuwa makinsa yana da kyau amma babu ko makaranta ɗaya da ta kira shi, to, sai ya tuhumi rubutunsa, da ayyukan da ya lissafa, da wasiƙun shaida da malamansa suka rubuta masa. Idan makin ne ya gaza, babu irin iya rubutun da zai rufe wannan giɓi.

Akwai kuma maganar lokaci. Yawancin makarantun Amurka ba sa jiran ranar rufe karɓar takardu kafin su fara zaɓe. Suna dubawa ne bi da bi kamar yadda takardun ke isowa, suna raba guraben ganawa tun daga ƙarshen damina. Ofishin AMCAS kuma yakan ɗauki makonni yana tantance sakamakon jami'a na kowane mai nema. Saboda haka wanda ya aika a farkon Yuni da wanda ya aika a Satumba ba ɗaya suke ba, ko da cancantarsu ɗaya ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma akwai wanda ya zaɓi manyan makarantu zalla waɗanda makinsa bai kai nasu ba, ko ya nemi makarantun gwamnatin wata jiha waɗanda suka fi fifita 'yan jiharsu. Irin wannan ɗalibi jerin makarantunsa ne ke bukatar gyara tun kafin a zo kan insha'i. Waɗansu makarantu sukan yarda su gaya wa wanda ba su ɗauka ba inda ya gaza in ya nemi haka cikin ladabi, kuma wannan dama ce da bai kamata a bari ta wuce ba.

Abin Da Za A Bari Da Abin Da Za A Canza

Shawarar da ta fi dacewa tana tsakiya. Tushen labarin, watau ainihin dalilin da ya sa mutum ya zaɓi wannan aiki, ana barinsa, tun da shi ne gaskiyarsa. Abin da ake canzawa shi ne hujjojin da ake kafawa a kansa. A ɗauka wata ɗaliba ta rubuta bara cewa jinyar kakarta ce ta sa ta sha'awar aikin likita, ta cika rabin shafi da wannan labari. Idan a cikin shekarar da ta biyo baya ta yi aiki a sashen taimakon gaggawa na wani asibiti, to, bana sai ta taƙaita labarin kakar cikin jimla biyu ko uku, ta ba da sauran wurin ga abin da ta gani da idonta da abin da ta yi da hannunta, da yadda hakan ya gyara mata fahimtar aikin. Dalilin bai canza ba, amma mai rubutun ta girma, kuma mai karantawa zai ga haka ba sai an gaya masa ba.

Haka nan ya kamata a sake duba jerin ayyukan nan 15, a sabunta yawan awoyi, a cire waɗanda ba su da nauyi, a kuma sake tunanin ukun da suka fi muhimmanci. Wasiƙun shaida ma sai an sake aika su, domin ofishin ba ya ajiye na bara ya haɗa da takardar bana, kuma yana da kyau a sami aƙalla sabuwa ɗaya daga wanda ya ga aikin ɗalibin a wannan shekara. Game da gajerun tambayoyin makarantu, waɗanda amsarsu ba ta canzawa ana iya barin ginshiƙinsu a gyara lafazi. Amma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne ban kunya, watau a kwafi amsar da aka rubuta wa wata makaranta a aika wa wata, a manta ba a canza sunan ba.

Wani abin tambaya shi ne ko ya dace ɗalibi ya ambaci faɗuwarsa a cikin babban insha'in. Da yake insha'i ɗaya ne ke zuwa ga dukan makarantu, har da waɗanda bai taɓa nema ba, ya fi kyau ya bar wannan bayani sai inda aka tambaye shi. A can ɗin ma ba a son koke ko ɗora wa wani laifi. Ana so ne ya faɗi abin da ya gano ya rasa, da matakin da ya ɗauka, da sakamakon da ya samu.

Darasi Daga Ingila

A Ingila ɗalibai suna shiga makarantar likita ne daga sakandare, ta hannun ofishin UCAS, kuma ana rufe karɓar takardunsu a tsakiyar Oktoba. Kowa yana da damar zaɓen makarantun likita huɗu kacal, da bayanin kai mai harufa 4,000. A can matsalar da ta fi damun hukuma ita ce kwafar rubutun wani. A 2007 ofishin ya binciki takardu 50,000, ya tarar cewa masu neman likita 234 sun ba da labari iri ɗaya, wai suna shekara takwas suka ƙona rigar barcinsu garin gwajin sinadarai. An gano cewa daga wani misali da aka sa a intanet suka ɗauko shi. Tun daga lokacin ake bi da kowane bayani ta cikin na'ura mai gano kamanni, ana sanar da jami'o'i in an ga abin zargi. A 2025 kuma aka sauya fasalin bayanin ga masu neman shiga a 2026, aka raba shi zuwa tambayoyi uku. Saboda haka wanda ya rubuta nasa a tsohon fasali, tilas ya warware shi ya sake ɗinkawa.

A Amurka ma abubuwa biyu sun ƙara wa insha'i nauyi. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i yin la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma Babban Alƙali John Roberts ya bayyana cewa ɗalibi yana iya rubuta yadda wannan al'amari ya shafi rayuwarsa. Na biyu kuma, tun daga ƙarshen 2022 aka sami manhajoji irin su ChatGPT masu iya tsara insha'i cikin daƙiƙoƙi. Rubutu mai santsi ya zama araha, abin da ya yi tsada shi ne labarin da mutum ya rayu a cikinsa, wanda zai iya kare shi in an titsiye shi a wurin ganawa.

Wani Lokaci Jira Ya Fi

Sake nema ba kyauta ba ne. A 2024 kuɗin aika takarda ga makaranta ta farko dala 175 ne, kowace ƙarin makaranta kuma tana da nata kuɗin, ban da wanda makarantun ke karɓa a kan tambayoyinsu. Wanda ya nemi makarantu ashirin yakan kashe dubban daloli. Ga kuma ƙarancin lokaci: mai jiran gurbi yana iya kaiwa watan Mayu ko Yuni bai san matsayinsa ba, alhali an riga an buɗe neman sabuwar shekara. Idan ya duba ya ga babu wani sabon abin da zai rubuta, wannan kansa amsa ce. Gara ya tsallake shekara guda ya gyara makinsa, ya yi aiki a asibiti, ya dawo da ƙarfinsa, da ya sake aika abin da aka riga aka ƙi. Sai dai ya lura cewa yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon MCAT da ya wuce shekara biyu ko uku.

Mu A Nan Gida

A Nijeriya ba a neman insha'i wajen shiga makarantar likita. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, maki ne ke magana, sai kuma jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka fara yi a 2005. Amma zafin faɗuwa ɗaya ne. Guraben da Majalisar Likitoci ta ƙasa ke ƙayyade wa kowace jami'a kaɗan ne, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda ta buɗe tsangayarta ta likita a 1967, kuma akwai ɗaliban da ke zama jarrabawar sau biyu ko uku saboda wannan fanni kaɗai. Su ma tambayar da ke gabansu ita ce wadda ke gaban takwarorinsu na Amurka: me zan yi bana wanda ban yi bara ba? Wanda ya faɗi saboda raunin da yake da shi a darasi ɗaya, ya koma ya yi irin karatun da ya yi a da, ba shi da dalilin sa ran wani sakamako dabam.

Ban da haka, likitocinmu da ma'aikatan gwamnati masu neman ƙaro ilmi a ƙasashen waje suna cin karo da wannan insha'i kai tsaye. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Ingila ta fara bayarwa a 1983, yana buƙatar mai nema ya yi rubutu a kan shugabanci, da hulɗa da jama'a, da dalilin zaɓen karatunsa, da shirinsa na aiki in ya dawo, kuma an yarda wanda bai dace ba ya sake nema. Ma'aikacin da ya faɗi bara, kafin ya buɗe tsohon fayil ɗinsa, ya kamata ya ɗauki farar takarda ya lissafa abin da ya yi a ofis da wajen ofis cikin wata goma sha biyun da suka wuce. In ya sami abin rubutawa, sai ya gina sabon bayaninsa a kai, ya ɗebo daga tsohon abin da har yanzu yake gaskiya kuma yake da amfani. In bai samu ba, ya san aikin da ke gabansa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba masu nema sa'a.